Kuɗi da sauya sheƙa: Yadda wasannin jami'o'in Amurka suka zama kasuwa, da abin da ya shafi 'yan Afirka

A wata ranar Juma'a cikin watan Afrilun 2025, wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Jami'ar Tennessee da ke Amurka bai halarci atisaye ba.

Sunansa Nico Iamaleava, kuma shi ne jagoran ƙungiyar zari-ruga ta makarantar, wato ƙwallon nan ta Amurka da ake bugawa da hular kwano da sulke. Wata huɗu kafin nan shi ya kai ƙungiyar zagayen fitar da gwani na ƙasa.

Kafofin yaɗa labaran ƙasar sun ruwaito cewa yana samun sama da dala miliyan biyu a shekara, kuma wakilansa na neman a ƙara kuɗin zuwa kusan miliyan huɗu, ko da yake makusantansa sun ce ba kuɗi ne ya haddasa saɓanin ba. Washegari kocin ƙungiyar ya sanar da cewa an raba gari.

Ba a yi mako biyu ba ya koma Jami'ar UCLA da ke Los Angeles. Shi kuma Joey Aguilar, wanda UCLA ta ɗauko domin ya riƙe wannan gurbi, ya tattara nasa-ya-nasa ya koma Tennessee.

Ga mai bin gasar Firimiya ko La Liga, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma shekara 15 kafin nan, a 2010, Reggie Bush na Jami'ar USC ya mayar da kyautar Heisman, lambar yabo mafi daraja a zari-rugar jami'o'i, bayan bincike ya gano cewa shi da iyalinsa sun karɓi kuɗi da kyaututtuka lokacin yana ɗalibi. Sai a 2024 aka dawo masa da ita, bisa hujjar cewa zamani ya sauya.

Abubuwa biyu ne suka kawo wannan sauyi: izinin biyan 'yan wasa, da sauƙaƙa musu komawa wata makaranta. Duka biyun ta hanyar kotu aka ƙwato su, kuma sun gyara wani zalunci da ya daɗe. Sai dai an buɗe kasuwar ba tare da an zauna da 'yan wasan an tsara dokokinta ba. Alamu kuma na nuna cewa ƙananan wasanni da ƙananan makarantu ne za su ɗauki nauyin, a nan ne kuwa 'yan Afirka da dama ke samun hanyar shiga.

Me ya sa wasan ɗalibai ke da wannan girma?

A Turai, kulob ne ke renon ɗan wasa tun yana yaro. A Amurka jami'a ce ke wannan aiki. Gasar ƙwararru ta zari-ruga, NFL, ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Gasar ƙwallon kwando ta NBA kuma sai ya kai shekara 19. Saboda haka kusan duk mai son zama tauraro sai ya bi ta jami'a.

Hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke kula da wasannin makarantu kusan 1,100 da 'yan wasa sama da rabin miliyan.

Filin wasa na Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 107,000, kusan ninki biyu na filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja. A 2016 gidajen talabijin na CBS da Turner sun amince su biya dala biliyan 8.8 domin tsawaita haƙƙin nuna gasar ƙwallon kwando ta watan Maris da shekara takwas. A 2022 rukunin jami'o'i na Big Ten ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa na shekara bakwai a kan kusan dala biliyan bakwai.

Masu horarwa sun daɗe suna kwasar rabonsu. A 2024 albashin Kirby Smart na Jami'ar Georgia ya kai dala miliyan 13 a shekara. A 2023 Jami'ar Texas A&M ta kori kocinta Jimbo Fisher, ta kuma ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75 kuɗin sallama.

Su kuwa 'yan wasan, abin da doka ta yarda a ba su shi ne kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai, daga baya aka ƙara ɗan kuɗin kashewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, kaso mai yawa na 'yan wasan zari-ruga da ƙwallon kwando, waɗanda ke kawo kuɗin, baƙaƙen fata ne, da yawansu daga gidajen talakawa.

Yadda katangar ta rushe

Hujjar NCAA ita ce waɗannan ɗalibai ne masu wasa don sha'awa. Shugabanta na farko, Walter Byers, ya amsa daga baya cewa an ƙirƙiri laƙabin "ɗalibi ɗan wasa" ne domin kada kotu ta ɗauke su a matsayin ma'aikata da suka cancanci diyya idan sun ji rauni.

A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon raunin da ya samu a ka yana buga wa wata kwaleji a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta.

Ɓaraka ta farko ta zo a 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana NCAA yin babakere kan haƙƙin nuna zari-ruga a talabijin. Daga nan jami'o'i suka fara ciniki da kansu, kuɗi suka fara kwarara.

A 2009 tsohon tauraron ƙwallon kwando na UCLA, Ed O'Bannon, ya ga siffarsa a cikin wani wasan bidiyo da ake sayarwa ba tare da an ba shi ko sisi ba. Ya shigar da ƙara, kuma a 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa.

A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar cin gajiyar sunansu da hotonsu, wasu jihohi suka bi sahu. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Shari'ar ta taƙaita ne kan tallafin da ya shafi karatu, amma mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa tsarin kasuwancin NCAA zai zama haramtacce a kusan kowace masana'anta ta ƙasar.

Kwana goma bayan haka, ranar 1 ga Yulin 2021, NCAA ta janye haramcin. Aka shiga zamanin da ake kira NIL, taƙaicen kalmomin Ingilishi uku masu nufin suna, hoto da siffa.

A takarda, ma'anarsa ɗan wasa zai iya yi wa kamfani talla a biya shi. A aikace, attajiran magoya bayan kowace jami'a suka kafa asusun karo-karo suna biyan 'yan wasa da sunan talla, alhali kowa ya san kuɗin zawarci ne. Shugaban wasanni na Jami'ar Ohio State ya ce 'yan zari-rugarsu sun samu kusan dala miliyan 20 a kakar 2024. A ƙarshen kakar su suka ɗauki kofin ƙasa.

Yanzu jami'a da kanta ke biya

Mataki na gaba ya zo ranar 6 ga Yunin 2025, lokacin da mai shari'a Wilken ta amince da sulhu a shari'ar da ake kira House, da sunan Grant House, wani ɗan wasan ninƙaya na Jami'ar Arizona State da ke cikin waɗanda suka shigar da ƙarar.

Sulhun ya ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko, za a biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016 aka hana su samun kuɗi.

Na biyu, daga 1 ga Yulin 2025 kowace jami'ar da ta shiga tsarin za ta iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kai-tsaye daga asusunta, kuma adadin zai riƙa ƙaruwa.

Na uku, an soke ƙayyade yawan guraben tallafin karatu, aka maye gurbinsa da ƙayyade yawan 'yan wasa: 105 a zari-ruga, 15 a ƙwallon kwando, 45 a guje-guje da tsalle-tsalle.

Na huɗu, an kafa sabuwar hukumar sa ido. Duk cinikin talla da ya kai dala 600 sai an kai shi gabanta domin a tantance ko tallar gaske ce ko kuwa albashi ne ta bayan fage.

Sauya sheƙa ba shamaki

A da, ɗan zari-ruga ko ƙwallon kwando da ya bar makarantarsa sai ya yi shekara guda a benci kafin ya buga wa sabuwar. Koci kuma na da ikon lissafa masa makarantun da ba zai je da tallafin karatu ba.

A watan Oktoban 2018 aka buɗe wani rumbun bayanai a intanet, inda ɗan wasa zai sa a shigar da sunansa, daga nan kowace jami'a ta samu damar tuntuɓarsa. A 2021 aka yarda kowa ya sauya sau ɗaya ba tare da zaman benci ba.

A watan Disambar 2023 wasu jihohi suka kai NCAA ƙara a wata kotun tarayya da ke West Virginia, alƙali ya dakatar da dokar da ta rage. Zuwa Afrilun 2024 hukumar ta miƙa wuya: ɗan wasa zai iya sauyawa ko sau nawa, muddin karatunsa na tafiya daidai.

Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin tafiya kyauta a Turai. Bambancin shi ne a Turai akwai kwantiragi mai tsawo da kuɗin sayen ɗan wasa, don haka ƙaramin kulob da ya reni tauraro yana samun riba idan ya sayar da shi. A jami'o'in Amurka kusan kowa zai iya tashi a ƙarshen kowace kaka, kuma makarantar da ta rene shi galibi ba ta samun komai.

A 2025 kaɗai, 'yan ƙwallon kwando maza sama da 2,000 daga jami'o'i 360 da 'yan kai na babban rukuni sun shigar da sunansu a rumbun.

Su wa suka ci riba?

'Yan wasan da suka yi fice sun ci riba. Huɗun da suka ɗauki kyautar Heisman daga 2022 zuwa 2025, wato Caleb Williams, Jayden Daniels, Travis Hunter da Fernando Mendoza, duk sai da suka sauya makaranta kafin su ɗauke ta.

Wasu makarantun da ba a san su da nasara ba su ma sun amfana. Jami'ar Indiana ta daɗe tana cikin na baya-baya a zari-ruga, kuma a 2023 wasa uku kawai ta ci cikin 12. Sabon koci Curt Cignetti ya zo da 'yan wasa 13 daga tsohuwar makarantarsa ta James Madison, suka ci wasa 11 a 2024. A kaka ta gaba ya ɗauko Mendoza daga Kalifoniya, kuma a Janairun 2026 Indiana ta ɗauki kofin ƙasa karon farko ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Mata ma sun samu rabo. A 2024 NiJaree Canady, tauraruwar softbol, wani wasan ƙwallo da sanda da mata ke bugawa, ta bar Stanford zuwa Texas Tech kan yarjejeniyar sama da dala miliyan ɗaya. Shekara guda bayan haka ta kai makarantar wasan ƙarshe na ƙasa karon farko.

Sai dai Indiana da Texas Tech duka manyan jami'o'i ne masu attajiran magoya baya. Ƙananan makarantu kuwa sun zama tamkar gonar reno. Da zarar ɗan wasansu ya haskaka, mai kuɗi ya ɗauke shi.

Daɗin gasar ƙwallon kwando ta Maris shi ne ganin ƙaramar makaranta ta kayar da babba. A 2025 duka ƙungiyoyi 16 da suka kai zagaye na uku daga manyan rukunai huɗu suka fito, kuma huɗun da aka fi yi wa hasashe su ne suka kai daf da ƙarshe, karo na biyu ke nan a tarihi. Shekara guda ba ta isa a yanke hukunci ba, amma ta tayar da hankalin ƙananan makarantu.

Kasuwa ba rasit

A watan Satumban 2024, Matthew Sluka, jagoran ƙungiyar Jami'ar UNLV da ke Las Vegas, ya ajiye wasa bayan cin wasa uku a jere. Wakilinsa ya ce wani mataimakin koci ya yi masa alƙawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Makarantar ta ce ba ta saɓa wata yarjejeniya ba. Babu rubutacciyar takarda da za a duba.

A watan Yunin 2025 Jami'ar Wisconsin ta maka Jami'ar Miami a kotu, tana zarginta da zuga wani ɗan wasanta ya bar ta bayan ya sa hannu a yarjejeniya.

Wasu manyan masu horarwa sun haƙura. Tony Bennett na Virginia, wanda ya ɗauki kofin ƙwallon kwando a 2019, ya yi ritaya a Oktoban 2024 yana cewa shi bai dace da sabon yanayin ba. Jim Larrañaga na Miami ya bi sahu bayan wata biyu.

Amma ƙorafin rashin biyayya ya fi ƙarfi idan ana maganar 'yan wasa. A ƙarshen Nuwambar 2025 koci Lane Kiffin ya bar Jami'ar Mississippi zuwa LSU, a daidai lokacin da ƙungiyarsa ke shirin shiga zagayen fitar da gwani karon farko. Masu horarwa sun daɗe suna bin inda kuɗi ya fi tsoka, kuma ba a taɓa sa ɗayansu zaman benci ba.

Jami'o'in su ma haka suke. A 2024 USC da UCLA da Oregon da Washington sun bar rukunin Pac-12 mai tarihin sama da shekara ɗari saboda kuɗin talabijin. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, da ke gaɓar yamma, suka koma rukunin gaɓar gabas, inda wasu tafiye-tafiyen ke haura kilomita 4,000, ga ɗalibai masu lacca da jarrabawa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan wasan da ba tauraro ba. Alƙaluman NCAA na nuna cewa ba duk wanda ya shiga rumbun ke samun sabuwar makaranta ba, kuma wadda ya bari tana iya janye tallafinsa. Wanda ya samu kuma, ba lallai sabuwar jami'ar ta amince da duk kwasa-kwasan da ya ci ba. Ƙasa da biyu cikin ɗari na 'yan zari-ruga da ƙwallon kwando ne ke kai wa NFL ko NBA. Sauran da digiri za su ci abinci.

Daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Yawancin sassan wasanni na jami'o'i suna kashe duk abin da suka samu. Ribar zari-ruga da ƙwallon kwandon maza ita ke ɗaukar nauyin ninƙaya, kokawa, guje-guje da sauransu. A 2025 an ƙara sabon nauyin dala miliyan 20.5.

Jami'o'i da dama sun bayyana cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na kuɗin zai tafi zari-ruga, kusan 15 ƙwallon kwandon maza, biyar na mata, sauran wasanni duka su raba biyar ɗin da ya rage.

Wannan rabo ya ci karo da dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A Janairun 2025 gwamnatin Joe Biden ta ce dokar ta shafi waɗannan kuɗaɗe, amma bayan wata guda gwamnatin Donald Trump ta soke matsayar. Wasu 'yan wasa mata sun ɗaukaka ƙara kan yadda aka raba diyyar.

Jami'ar Tennessee ta ƙara kashi goma cikin ɗari a kuɗin tikiti domin biyan 'yan wasa. Wasu kuma rage wasanni suka yi. A 2025 Jami'ar Cal Poly ta rufe sashen ninƙaya, Washington State ta daina wasannin tsalle-tsalle da jifa, ita kuwa Jami'ar Saint Francis ta Pennsylvania ta sanar da barin babban rukuni gaba ɗaya, kwanaki kaɗan bayan ta buga gasar Maris.

Wannan ya wuce matsalar Amurka kaɗai. Kusan kashi uku cikin huɗu na tawagar ƙasar a gasar Olympics ta Paris a 2024 sun bi ta wasannin jami'a, haka kuma ɗaruruwan 'yan wasan wasu ƙasashe sama da 100. Julien Alfred ta tsibirin Saint Lucia, wadda ta ci tseren mita 100, daga Jami'ar Texas ta fito.

Ina 'yan Afirka a wannan ciniki?

Tun zamanin da Hakeem Olajuwon ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a farkon shekarun 1980, jami'o'in Amurka suka zama tsani ga 'yan wasan Najeriya. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, a Jami'ar Texas ta El Paso ta goge.

Samuel Ogazi, wanda ya taso daga Kaduna, yana Jami'ar Alabama lokacin da ya kai tseren ƙarshe na mita 400 a Paris, abin da babu namijin Najeriya da ya yi tun Innocent Egbunike a 1988. A 2025 ya zama zakaran jami'o'in Amurka a wannan tsere, Ezekiel Nathaniel na Jami'ar Baylor kuma ya ci na tsallake shinge na mita 400.

Sauƙin sauya sheƙa ya yi wa wasu rana. Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya da ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ya fara da Washington State, ya koma Florida a 2024, ya ɗauki kofin ƙasa da ita a Afrilun 2025.

Kuɗin ya kuma fara janyo waɗanda suka riga suka zama ƙwararru. James Nnaji, haifaffen Makurdi, ya buga wa Barcelona, an kuma zaɓe shi na 31 a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na 2023, amma bai taɓa buga wasan gasar ba. A Disambar 2025 aka ba shi izinin buga wa Baylor, abin da ya fusata wasu manyan masu horarwa.

Sai dai akwai tarnaƙi. Yawancin ɗaliban ƙasashen waje na shiga ne da bizar karatu ta F-1, wadda ta taƙaita aikin da mutum zai yi a biya shi a cikin Amurka. Ɗan ƙasa zai iya yin talla ya karɓi kuɗinsa, amma abokin wasansa ɗan Najeriya na iya rasa bizarsa idan ya yi irin wannan.

Shi ya sa a 2022 Oscar Tshiebwe, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da ya zama gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a Kentucky, ya jira sai da ƙungiyarsa ta je tsibirin Bahamas sannan ya yi tallace-tallacensa. Rahotanni sun ce ya samu kusan dala rabin miliyan cikin mako guda. Game da kuɗin da jami'a ke rabawa kuwa, makarantu na ƙoƙarin tsara shi a matsayin ladan amfani da suna da hoto, domin kada a ɗauke shi albashin aiki.

A guje-guje, sabon tsarin na da fuska biyu. A da guraben tallafi 12.6 kacal ake ba maza, mata kuma 18. Yanzu jami'a mai kuɗi za ta iya ɗaukar nauyin duka 45, kuma hakan alheri ne ga irin su Ogazi. Amma matsakaitan makarantu, waɗanda suka saba ɗaukar matashin da bai riga ya yi suna ba su rene shi, su ne ke rage kashe kuɗi.

Ga kuma matsalar shiga ƙasar. A Disambar 2025 gwamnatin Trump ta saka Najeriya da Senegal cikin ƙasashen da aka taƙaita wa sabbin biza, har da ta ɗalibai, ta kuma hana 'yan Nijar shiga baki ɗaya, kamar yadda ta yi wa Chadi da Sudan a watan Yuni.

Ɗalibai ne ko ma'aikata?

Duk wannan ruɗani ya samo asali ne daga tambaya ɗaya da aka ƙi amsawa. NFL da NBA suna ƙayyade albashi da zirga-zirgar 'yan wasa ba tare da kotu ta hana ba, saboda sun yi ciniki da ƙungiyoyin ƙwadagon 'yan wasan an cimma matsaya. NCAA na son irin waɗannan dokoki, amma ba ta son a kira 'yan wasanta ma'aikata. Shi ya sa kusan duk dokar da ta kafa sai wani ya kai ta kotu.

A Maris na 2024 'yan ƙwallon kwandon Kwalejin Dartmouth sun kaɗa ƙuri'a 13 da 2 domin shiga ƙungiyar ƙwadago, amma suka janye buƙatar a ƙarshen shekarar, gabanin sauyin gwamnati. A Yulin 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ba za a kore yiwuwar ɗaukar 'yan wasan jami'a a matsayin ma'aikata ba.

Shugaban NCAA, Charlie Baker, tsohon gwamnan Massachusetts, na roƙon majalisar dokoki ta yi dokar da za ta kare hukumar daga ƙararraki. Trump ya sa hannu kan wani umarni a Yulin 2025 da ke neman a kare wasannin mata da ƙananan wasanni, amma ƙudurin da aka gabatar a majalisar wakilai bai kai ga ƙuri'a ba har shekarar ta ƙare.

Mayar da su ma'aikata ma na da nasa matsalolin. Ƙananan makarantu na cewa ba za su iya biyan albashin ɗaruruwan 'yan wasa ba, kuma a wasu jihohin doka ba ta yarda ma'aikatan gwamnati su yi cinikin haɗin gwiwa ba. Duk da haka, wasu shugabannin wasanni na manyan jami'o'i sun fara cewa zama da wakilan 'yan wasa ita ce hanyar da za ta ɗore.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne komawa zamanin da koci ke karɓar miliyoyi, ɗan wasa kuma a hukunta shi kan kyauta. Kafin a daidaita, matashin da ke shirin tafiya daga Kaduna, Kumasi ko Yaounde, da iyayensa, suna da tambayoyi uku da ya kamata su yi wa duk jami'ar da ta zo zawarci: shin alƙawarin a rubuce yake, shin bizarsa ta yarda ya karɓi kuɗin, kuma idan an rufe sashen wasan ko ya ji rauni, wa zai biya kuɗin karatunsa har ya karɓi digiri?